Kawu yana son ya riƙa duba lissafin shago daga wayarsa, ya zan yi?

Ɗan Singa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar rumbun bayanai.

Ni ke riƙe wa kawuna lissafi a shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Singa. Sari muke bayarwa: taliya, sukari, madara, man girki, sabulu. Muna da sito a Dakata, da reshe a Gusau wanda ƙaninsa ke kula da shi. Shekarun baya wani matashi ya rubuta mana manhaja da PHP (wani yaren rubuta manhaja), bayanan kuma suna zaune a MySQL (manhajar rumbun bayanai), a kan wata kwamfuta da ke ƙarƙashin teburina a ofis. Duk katan ɗin da ya shigo ko ya fita, duk wanda muke bi bashi da nawa muke bin sa, yana cikinta. Wanda ya rubuta ta ya samu aiki a Abuja, yanzu sai an yi sa'a yake ɗaga waya.

To shi Kawu ba mazauni ba ne. Yau yana Legas wajen kamfanoni, jibi yana Gusau, in azumi ya kama yana Umara. Ko'ina yake sai ya kira: "Kai, katan nawa na taliya suka rage a Dakata? Alhaji wane ya kawo cikon kuɗinsa?" In ina ofis, in ɗauki hoton allon kwamfuta in tura masa ta WhatsApp. In na tashi kuwa, sai dai ya yi haƙuri sai da safe. Yanzu ya ce shi fa ya gaji, tunda kuɗinsa na banki ma a waya yake ganin su, bai ga abin da zai hana shi ganin kayansa ba. Kuma ba gani kawai ba. Yana so in kamfani ya ƙara kuɗin kaya, tun yana can ya canza farashi da hannunsa, kada mu wayi gari muna sayarwa a tsohon kuɗi.

Wani mai gyaran kwamfuta ya ce a buɗe ƙofa ta 3306, wato lambar mashigar MySQL, a rawuta (na'urar da ke raba mana intanet), a sa wa Kawu manhajar da ke shiga MySQL kai tsaye. Wani kuma ya ce a sa AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, kawai a huta. Intanet ɗinmu rawuta ce mai layin waya, wuta kuma sola da infota. Wanne ya fi a ciki, ko akwai hanya ta uku? Na gode.

Injiniya_Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, maganar 3306 ɗin nan ka bar ta tun yanzu, don Allah.

Da farko ma da wuya ta yi aiki. Yawancin rawutoci masu layin waya ba su da adireshin intanet nasu na kansu, kamfanin layin yana haɗa jama'a da yawa ne a bayan adireshi ɗaya. Shiga shafin rawutarku ka duba adireshin da aka ba ta. In ka ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to duk ƙofar da ka buɗe a banza ne, ba wanda zai iso ta daga waje. In kuma aka yi rashin sa'a ta yi aiki, nan ne abin ya fi muni. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai laluben intanet suna neman 3306 ta MySQL, da 5432 ta PostgreSQL, da 1433 ta SQL Server, suna gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2017 dubban rumbunan bayanai na manhajar MongoDB da aka bari a buɗe aka kwashe bayanansu aka goge, aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa da Bitcoin. Masu wannan aikin ba su san kawunka ba, ba su san Singa ba, duk ƙofar da suka samu a buɗe shiga suke.

AnyDesk kuma zai yi aiki, amma ka yi tunanin Kawu da babban yatsa yana lalubo linzami a kan allon kwamfuta da aka matse cikin waya, ga sabis yana yankewa. Sannan duk lokacin da ya shiga, ya ƙwace maka kwamfutar kenan, kai da ke tsakiyar rubuta wa kwastoma rasit sai ka naɗe hannu. Kuma duk abin da ke kan kwamfutar yana hannunsa, ba lissafin kaɗai ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya a intanet, a kwamfutar ofis da wayar Kawu. Ba ya buƙatar ka buɗe wata ƙofa a rawuta, shi ya sa matsalar adireshin nan ba ta dame shi ba. Wayar da kwamfutar za su riƙa ganin juna kamar suna ɗaki ɗaya, wanda ba ka sa a ciki ba kuma ba zai ga komai ba. Tunda manhajarku da PHP aka rubuta ta, ta burauza kuke buɗe ta ke nan, to shi ma ta burauzar wayarsa zai buɗe.

Sai dai kada ka ba shi shafin da kai kake aiki da shi. Ka samu wanda zai rubuta masa shafi ɗaya mara nauyi, mai manyan haruffa: ragowar kaya a kowane sito, cinikin yau, masu bashi daga babba zuwa ƙarami. Shafin ya riƙa shiga MySQL da wani asusu daban wanda SELECT kawai aka ba shi izini, wato karatu ban da rubutu. Ko wayar ta faɗa hannun wani, ba zai iya goge ko katan ɗaya ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ka duba: tsofaffin manhajojin PHP da yawa teburan bayanansu MyISAM ne, wato tsohon tsarin adana bayanai na MySQL. Shi MyISAM in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, tebur na iya lalacewa, kuma ba shi da damar janye aikin da aka fara. InnoDB shi ne tsarin da MySQL ke amfani da shi kai tsaye tun daga sigarsa ta 5.5, kuma ya fi jure ɗaukewar wuta nesa ba kusa ba. Batirin infota ba ya sallama kafin ya mutu.

Maman Hanif ta amsa:

Malam Injiniya ya gama magana ta ɓangaren na'ura. Ni akawu ce, na yi shekaru ina riƙe wa wani dilan magunguna lissafi a nan Gusau, kuma abin da ya tsaya mini a rai a tambayarka shi ne canza farashi.

Ƙanena, ranar da maigida ya fara taɓa lissafi daga waya, ranar ce za ka fara amsa tambayar abin da ba kai ka yi ba. Mu maigidanmu yana cikin mota a hanyar Funtuwa ya so ya rage wa wani kwastoma bashi, ya sa sifili ɗaya fiye da kima. Ba wanda ya lura sai ƙarshen wata da lissafi ya ƙi haɗuwa, kuma da yake da asusu ɗaya dukkanmu muke shiga, babu yadda za a yi a san hannun wa. Yaran kanti aka fara kallo. Sai da aka koma kan rasit na takarda ɗaya bayan ɗaya kafin gaskiya ta fito, shi kuma ya rantse bai tuna ya taɓa wurin ba, kuma na yarda da shi, don mutumin da ke amsa waya biyu a lokaci guda ba zai tuna ba.

Saboda haka kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa, har shi Kawu. Duk canjin da aka yi a rubuta shi a wani tebur na daban: wa ya yi, yaushe, me ke wurin da, me aka mayar da shi. Kuma ni da za a bi tawa, abin da zai turo daga waya ya zama buƙata ce, ba canji ba. Ya rubuta sabon kuɗin taliya, ya faɗo maka a kwamfutar ofis tsoho da sabo gefe da gefe, ka danna amincewa. Bai wuce minti ɗaya ba, amma ido biyu sun gani.

Sannan tunda kuna da reshe a nan, kada ku gina aikin Gusau a kan cewa kullum akwai sabis. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane har Funtuwa suke zuwa don su yi waya. Duk wanda lissafinsa ke can wani wuri a intanet, littafi da biro ya koma. Reshe ya kamata ya iya sayarwa ya rubuta a na'urarsa, in sabis ya dawo ya tura.

Ɗan Singa ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Injiniya, na duba rawutar, da 100.70 da wani abu adireshin ya fara, ashe mai gyaran nan wahala kawai zai sa mu. Teburan ma na duba, MyISAM ne duka in ban da guda biyu.

Hajiya, maganarki gaskiya ce, sai dai ki san halin manya. In na ce wa Kawu sai na amince kafin farashinsa ya shiga, cewa zai yi, "Ni da dukiyata sai na nemi izininka?" Wannan ita ce ba na san ta inda zan ɓullo mata ba.

Bakatsine ya amsa:

Ni ban ga dalilin wannan dogon zagaye ba. Kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur a cikin kasuwa ita ce babban haɗarin, ba wayar Alhaji ba. Gobara a kasuwannin Kano ba sabon labari ba ce, ga ƙura, ga ɓarayi. Ku kama hayar saba, wato kwamfutar da wani kamfani ke kula da ita, a intanet ku mayar da komai can, Kano da Gusau da waya duk su riƙa shiga wuri ɗaya. AWS, reshen Amazon mai bayar da hayar saba, ma suna da cibiya a Cape Town tun 2020, akwai kuma masu bayar da haya a Legas in ba ku son biya da dala. Kuɗin wata ba zai kai ribar 'yan katan ɗin madara ba.

Injiniya_Zariya ya sake amsawa:

Malam Bakatsine, maganar gobara ka yi gaskiya, amma maganinta shi ne kwafi a waje, ba lallai sai an kwashe komai an kai can ba. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, har manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. Shagon da ke loda mota uku kafin azahar ba zai ce wa direbobi su jira a ɗinke waya a teku ba. Kuma tsohuwar manhajar da ba mai kula da ita, wadda aka rubuta don a yi aiki da ita cikin ofis, in ka ɗora ta a intanet yadda take, ka dawo kan matsalar 3306 ta wata ƙofar.

Ɗan Singa, kafin komai, yau ɗin nan ka yi mysqldump, wato umarnin da ke fitar da kwafin duk bayanan, ka adana a filas, sannan ka saita shi ya riƙa yi da kansa kowane dare yana tura kwafi ɗaya waje. Ka kuma gwada dawo da kwafin a wata kwamfuta ka ga yana buɗewa, don akwai waɗanda sai ranar buƙata suke gano fayil ɗin fanko ne. Bayan nan ne za ka mayar da teburan InnoDB, ranar Lahadi da kasuwa ba cinkoso, ba kafin ka yi kwafin ba.

Wayar Kawu kuma, mun san yadda ƙwacen waya yake a gari. A sa mata makulli na gaske, ba zanen L ɗin nan da kowa ke gani daga nesa ba. Kada burauza ta riƙe kalmar sirri. Ka koyi yadda ake cire na'ura daga Tailscale, don ranar da ya kira ka da wayar wani ya ce an karɓe tasa, ka yanke ta tun kafin ku gama gaisawa. Ka tuna kuma sunaye da lambobin wayar kwastomomi da bashin da ake bin su bayanan mutane ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya da ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

In har wata rana dole ta sa kai kanka ka shiga MySQL daga waya don gyara, ka kunna sql_safe_updates. Zai ƙi karɓar UPDATE (umarnin canzawa) ko DELETE (umarnin gogewa) da ba a faɗi layin da ake nufi ba. Madannin waya yana son gyara wa mutum rubutu, kuma UPDATE ɗaya da ya rasa WHERE, wato ɓangaren da ke faɗin layin, ya isa ya mayar da kuɗin kowane kaya a shagon ya zama na sabulu.

Maman Hanif ta sake amsawa:

Ƙanena, ai ba "izini" za ka ce masa ba. Ce masa za ka yi, "Kawu, in ka turo, zai faɗo mini nan take in sanar da yara a gaban shago, don kada kwamfuta ta ce kaza su kuma suna faɗa wa mutane kaza." Kuma gaskiya ce, ba dabara ba, don yaron da ke tsaye da kwastoma ba allon yake kallo ba. Sai ka sa a rubuta shafin yadda in sabon farashi ya bambanta da tsoho da fiye da kashi 20 cikin 100, zai tsaya ya tambaye shi da manyan haruffa ko ya tabbata. Wannan da na'ura zai yi musu, ba da kai ba.

Shi kuma ƙanin Kawu na nan Gusau, a ba shi nasa asusun da zai ga kayan reshensa kawai. In yana buƙatar wanda zai nuna wa yaransa yadda ake rufe lissafin yini, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ba ni da nisa da babbar kasuwa.