Masu kwana a barandar shago: mu kore su ko mu yi yaya?

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum. Ina da shagon fenti a Kano, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tun hunturun bara wani dattijo yake kwana a barandata. Kwali biyu, buta da tsohon bargo, su ne dukiyarsa. Da asuba zai naɗe kayansa ya share wurin tas kafin in iso, ko allura ban taɓa rasawa ba. Bana sai ga samari huɗu sun biyo sahu, kuma su nasu daban ne: gwangwanin sholisho nake tararwa, ga zarnin fitsari a jikin ƙofa. Jiya 'yan layinmu suka zauna, aka yanka wa kowa dubu biyar a sa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Wani ma cewa ya yi a riƙa zuba baƙin mai a barandun in an tashi kasuwa. Ban ba da nawa ba tukuna, domin dattijon nan ya tsaya mini a rai. In mun rufe, ina za su nufa? Kuma wai mene ne aikin hukumar gari a kan irin waɗannan mutane?

Abban Khadija:
Wa alaikumus salam. Alhaji, biya kuɗinka ka huta. Ranar da aka fasa shagon wani, ko aka soki yaro a kan waya a bakin layin, kai za a nuna da yatsa a ce kai ka tara su. Ganduje ya haramta bara a titi a Fabrairun 2020, Wike ya ba mabarata wa'adin barin Abuja a Oktoban 2024, ni ban ga laifinsu ba, rashin ɗorewa ne kawai matsalar. Dubi Legas: a 2024 ɗakuna 86 aka gano an yanyanka a ƙarƙashin gadar Dolphin da ke Ikoyi. In aka zuba ido, haka gadojin Kano za su koma.

Tsohon Ɗan Dako:
Abban Khadija, ka kawo labarin gadar amma ka bar rabinsa. Gwamnatin Legas da bakinta ta ce masu ɗakunan nan haya suke biya, wajen naira dubu 250 a shekara. Wanda zai iya tara wannan kuɗi ai ba zauna-gari-banza ba ne. Ma'aikaci ne da ɗaki ya fi ƙarfinsa.

Ni na kwana a waje, don haka ba jita-jita zan ba ku ba. Wata takwas na yi ina kwana a kan teburin masu tumatir lokacin da nake dako a wata kasuwar Legas. An yi kame ya fi sau biyar. Da mun ji ƙarar mota sai kowa ya ranta a na kare, bayan kwana biyu mu dawo wurin da muka bari, domin a nan abincinmu yake. Abin da kamen ya ci mini shi ne jakata, da katin shaidata da 'yan kuɗin da na ɗinke a cikin wando. Kun san abin da ya fi barci wahala? Inda za ka ajiye kayanka da inda za ka yi wanka. Ba mai ɗaukarka aiki kana tsami, kana rungume da ƙunshi. Abin da ya fitar da ni, wani dattijo ɗan garinmu ne ya ba mu ɗaki mu shida, muna biya duk mako. Cikin wata uku na sayi baro nawa na kaina.

Da a ce kowace babbar kasuwa da tasha tana da rumfar kwana mai banɗaki da akwatin ajiya, a biya ɗari biyu a dare, a rubuta sunan kowa, wallahi rabin masu kwana a baranda sun ɓace. Da can ai zaure ne yake wannan aikin. Baƙo ya sauka, mai unguwa ya san da shi. Yanzu gini ba zaure, masallaci kuma ana idar da lisha a garƙame shi saboda ɓarayin amsakuwwa.

Maman Ilham:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake zuba kowa a buhu ɗaya. Mai taɓin hankali asibitin Dawanau ya kamata a kai shi, ba ofishin 'yan sanda ba. Ɗan sholisho magani da sana'a yake buƙata. Yaron da ya gudo daga gida, iyayensa za a nemo a tambaye su. A farkon 2025 Hisbah ta kwaso yara fiye da 200 daga tituna ta ajiye su a sansanin alhazai, kuma na yaba, don an fara tantance su maimakon a loda su a mota kawai kamar yadda jihohi suka yi ta mayar wa juna almajirai lokacin korona. Ku kuma maza ba ku ambaci mata ba. Ku zaga bakin asibitoci da tsakar dare ku ga zawarawa da goyo.

Ɗan Damagaram:
Maganar lodawa a mota gaskiya ce. A Maris 2022 gwamnatinmu ta Nijar ta tura jirgi har Dakar ta kwaso mutanenmu masu bara, akasarinsu 'yan yankin Kance da Magarya. An sauke su gida, amma gonar da ta kore su tana nan yadda suka bar ta.

Sadiya daga Helsinki:
Gajeren ƙari daga inda nake karatu. Tun 2008 Finlan ta ɗauki tsarin fara ba mutum ɗaki nasa, ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ba, sannan a bi shi da magani da neman aiki, kuma masu kwana a waje sun ragu ƙwarai. Amurka kuwa a Yunin 2024 kotun ƙolinsu ta ba birane damar hukunta mai kwana a titi. Sai dai kada mu yaudari kanmu, duka mutanen Finlan ba su kai miliyan shida ba, jihar Kano kaɗai ta ninka su.

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:
Na gode muku duka. Abban Khadija, na biya dubu biyar ɗin, don maganar tsaro ba ta da musu. Amma yau na yi sammako na zauna da Baba, karon farko a shekara guda da na tambaye shi labarinsa, abin kunya. Ashe gadi yake yi a wani gida, aka sayar da gidan aka sallame shi. Na kai maganarsa gaban shugaban layi, an yarda a ba shi makullin sabuwar ƙofar da ɗan abin da za a riƙa haɗa masa duk wata. Samarin huɗu kuwa tun da suka ga mai walda yana awo suka koma layin baya, wajen masu sayar da siminti.