Indiyawa sun ba ni aikin bikin fara cin abincin jariri, me zan tanada?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata girki da ƙawata wurin biki a nan Abuja. Wasu Indiyawa mabiya addinin Hindu da ke Maitama sun ba ni aikin bikin ɗansu mai wata 6, wai sunan bikin annaprashan. A gida za a yi, baƙi kamar 40. Uwargidan ta ce fandit ɗinsu, wato malamin addininsu, zai fara ƙarfe 9:10 na safe. Ni kuwa sanina da al'adarsu bai wuce na fim ba. Don Allah me ke wuyana, me ke wuyansu, kuma a ina aka fi yin kuskure?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Su Hindu suna da bukukuwan matakan rayuwa da suke kira samskara, an fi lissafa 16, tun daga ciki har ƙona gawa. Suna shi ne namakaran, galibi rana ta 11 ko 12, ba ta bakwai irin tamu ba. Askin farko, mundan, sai shekara ta 1 ko ta 3. Naki shi ne ranar da yaro zai fara ɗanɗana hatsi bayan nonon uwa. Namiji a wata na 6 ko 8, mace a na 5 ko 7.

Wannan 9:10 ɗin ki riƙe ta da hannu biyu. Fandit ne ya fitar da ita daga kalandarsu ta taurari, suna ce mata muhurat. Akwai kuma wajen awa ɗaya da rabi a kowace rana, rahu kal, da ba sa fara abin alheri a ciki, don haka in aka makara ba za a ce a ɗan jira ba. Ki gama jera komai kafin 8:00.

Yadda zai gudana: fandit zai fara da bautar Ganesh, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ya kafa kalash, wato tulun ibada, wataƙila ya hura wuta, sannan a zaunar da yaron a cinya ana fuskantar gabas a ba shi kir, wato dafaffiyar shinkafa da madara, da ƙaramin cokali, yawanci na azurfa. Daga nan sai tire mai littafi, alƙalami, kuɗi da ƙasa kaɗan, a ga wanda yaron zai fara cafka, a yi ta dariya ana cewa sana'arsa ke nan. Kada yaranki su ga ƙasa a tire su zubar.

Anti Ladi:
Maman Ilham, matsalar tana kicin, bari in tsaya a nan.

Man shanu. Shi suke kira gi, da shi ake kunna fitila, a zuba a wuta, a sa a abinci. Mu kuwa mun saba soya shi da albasa don ƙamshi, kuma abincin ibadarsu ba ya ɗaukar albasa ko tafarnuwa. Soyayyen na kasuwa bai yi ba ke nan. Ki sayi ɗanye wurin wadda kika yarda da ita, ki wanke, ki ɗora a wuta kaɗan minti 15 zuwa 20 ba tare da kin sa komai ba. In kumfar ta kwanta, man ya yi garau, gutsattsarin ƙasan tukunya suka yi ja-ja, ki sauke ki tace da ƙyalle mai tsabta. In kika bari suka yi baƙi, ɗaci zai shiga.

Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, har kek da mayonis. Dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ko naman sa ki bar shi a gida. Tukwane da ludayi su zama waɗanda ba su taɓa ganin nama ba, gara ma sababbi.

Kir kuwa kamar kunun shinkafa da madara ne mai kauri. Lita 1 ta madara mai maiƙo, kwatan kofi na shinkafa da aka jiƙa minti 20, wuta kaɗan, ana juyawa har minti 35 zuwa 40. Shinkafar za ta yi miki kaɗan a ido, kada ki ƙara, yana hucewa yake daskarewa. Sukari sai shinkafa ta nuna lugub. In sun ce mazarƙwaila suke so, ki sauke tukunya ta ɗan huce tukuna, in ba haka ba madarar za ta tsinke. Na yaron a ɗiba daban a dama, ba gyaɗa ba yazawa. Kada ki ɗanɗana daga tukunya, domin sai an miƙa wa abin bautarsu kafin kowa ya ci. Sau da yawa ma uwar ko kakar ce ke dafa wannan da kanta bayan ta yi wanka, ki tambaya.

Za su nemi panchamrit: madara, kindirmo, man shanu, zuma, sukari. Kindirmo tsantsa, ba wanda aka tsinka da ruwa ko kuka ba. Na manya ne, ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Ɗan Farin Gada:
Anti, da izininki, maganar ba kifi ba ta game kowa ba. Mutanen Bengal suna kiran bikin mukhe bhat, kawun yaron ne ke ba shi lomar farko, kuma kifi na cikin abincinsu na ranar. 'Yan Kerala suna ce masa chorunu, a kan ganyen ayaba suke zubawa. Hajiya, tambayarki ta farko ga uwargida ita ce daga wace jiha suke. Amsar za ta canja rabin cefanen.

Kayan wuri: kalash ƙaramin tulun tagulla ne da ake cikawa da ruwa, a jera ganyen mangwaro 5 a bakinsa, a ɗora kwakwa. Kwakwar ta zama mai ruwa, da tukkun gashinta, ba tsaga. Ganyen a tsinko da asubar ranar, mara huji, ki ƙara wasu na ratayawa a ƙofa. Shinkafar watsawa sai wadda ba ta karye ba, ana cuɗa ta da kurkum. Fure ɗanye mai ruwan ɗorawa ko ja, kada a shaƙa, wanda ya faɗi ƙasa a ware. Baƙin yadi ki cire shi daga ado, fari zalla kuma na makoki ne a wurinsu. In kin ga sun zana alamar swastika da jan gari, tsohuwar alamar sa'a ce gare su, kada mai shara ya goge.

In da wuta, ki sa bulo ko yashi a ƙarƙashin kaskon, zafi na fasa tayil. Busasshen itacen mangwaro, a kunna da kafur da man shanu, ban da kananzir. A buɗe tagogi, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sanar da masu gadi saboda ƙararrawar hayaƙi, a nesanta yaron da hayaƙin.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. 'Yan Gujarat ne, na tambaya. Saura ɗaya: yarana duk Musulmi ne, in aka miƙo musu abincin da aka kai wurin bautar fa?

Baban Sadik:
Prasad ke nan. Ki faɗa wa uwargida tun yau cewa ma'aikatanki ba za su ci ba, kuma ba za a ɗiga musu jan gari a goshi ba, don kada a yi ta a gaban baƙi. Wanda aka miƙo wa ya dafa ƙirji ya yi godiya. Ki jera kayanki, ku fita kafin fandit ya fara, ku dawo lokacin rabon abinci. Takalma a bakin ƙofa, miƙa komai da hannun dama. Tunda Gujarat ne, bi maganar Anti Ladi gaba ɗaya, ko ƙwai kada ya shiga gidan.