Makin kwali da na waya a darasin adon harshe: ilimi ne ko wasa?

Malama Rabi: Assalamu alaikum malamai. Ku yi min afuwa, raina ne a ɓace. Zangon nan na koya wa 'yan SS2 adon harshe, to maimakon tes na biyu sai na kasa su biyar-biyar, na ce kowane rukuni ya nemo min adon harshe a bakin mutane, ba a littafi ba. Mai waya ya naɗo murya, marar waya ya yi zane a kwali. Maki 10 na ware cikin 40 ɗin C.A., wato makin ayyukan zango kafin babbar jarrabawa: 4 na gane irin adon, 3 na dacewar hoto ko murya da ma'ana, 2 na bayani da baki a gaban aji, 1 na tsafta. Wasu tasha suka je suka kwafo rubutun bayan manyan motoci. Wata yarinya ta zana mutum da ciki kamar randa, ruwa na zuba ta cibiya, a gefe kuma ta sake zana shi yana kyarma a gaban ɗan sanda, ta rubuta "cikinsa ya ɗuri ruwa". Wani yaro da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa ya naɗo kakarsa tana daka tana habaici, ya tsaya a gaban allo ya warware mana shi tas. Wallahi har jakunan ajin sai da suka ci 8 da 9. Yau na kai maki, mataimakin firinsifal ya ce wai wannan wasa ne, in yi tes a takarda kafin Alhamis. Yara 85 fa! Duk abin da ba biro ne ya rubuta shi ba, ba ilimi ba ne ke nan?

Malam Isyaku: Wa alaikumus salam. Malama, kafin mu kai ga mataimakin firinsifal, su wa kike kira jakuna? 'Ya'yan mutane da aka ba ki amana? Uba ya sayar da buhun gero ya ɗinka yunifom, malama kuma ta shigo zaure ta ce ɗansa jaki ne.

Malama Rabi: Malam, ba ni na raɗa musu ba. Haka 'yan ajin suke ce musu, kuma don in nuna ba jakunan ba ne na kawo maganar.

Malam Isyaku: Ai ba ki ce "waɗanda ake kira" ba. Koma ki karanta abin da kika rubuta. Abin da ke zuci shi ke fita a baki.

Malama Binta: Haba Malam Isyaku! Wane malami ne a zauren nan bai taɓa cewa jakin aji ba? Tare muka yi NCE da Rabi, na san ta kamar yunwar cikina. Da kuɗinta take saya wa yara kwali da maka. Kai me ka taɓa saya musu?

Malam Isyaku: Ba na saya, amma ba na zagi.

Malam Nura: Ni dai a matsayina na ɗalibin adabi, ba zagi ba ne, siffantawa ce. An ɗauki yaro an ce shi jaki ne kai tsaye, babu "kamar", babu "tamkar", babu "ya fi". Da ta ce kansa kamar na jaki, kamantawa ke nan.

Malama Asabe: A'a Malam Nura, dabbantarwa ce. Duk inda aka mai da mutum dabba ai jinsarwa aka yi.

Malam Nura: Dabbantarwa sai an ba mutum aiki ko ɗabi'ar dabba, kamar a ce wane ya yi haniniya, ko ya yi tutsu, ko ya kai harbi da ƙafar baya. Nan suna aka ɗora masa. Haka aka koya mana a Jami'ar Bayero.

Malama Asabe: Mu kuma a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba haka aka koya mana ba. Ko Bayero ce kaɗai take da farfesoshi?

Malam Shehu: Ku tsaya tukuna. Ni kalmar ita kanta ban san ta ba. Mi a jakuna? Mu tun da munka tashi jakkai muka sani. Malamar Hausa ta rubuta jakuna, ni na ɗauka jakunkunan zuba littafi taka nufi.

Malam Nura: Malam Shehu, nan zauren daidaitacciyar Hausa ne. Jam'in jaki jakuna ne ko jakai. In ɗalibinka ya rubuta jakkai a WAEC, mai duba takarda zai ja masa jan biro.

Malam Shehu: Daidaitacciya ko Kananci da anka sa ma rawani? Wa ya tara mu ya tambaye mu? Waƙoƙin wa'azi da anka rubuta a ƙasar Sakkwato tun zamanin Shehu, da Hausar wa anka yi su?

Malam Nura: Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka.

Malam Shehu: To mun ji, tumbi dai.

Malama Binta: Malam Nura ga siffantawa nan ka kawo da kanka. Yanzu Kanawa kayan cikin giwa ne? Me ya sa Malam Isyaku bai ce an zage ku ba?

Malam Isyaku: Giwa daban, jaki daban. Ki ce wa sarki giwa ya ba ki kyauta, ki ce masa jaki ki ga inda za ki kwana.

Baba Malam: 'Ya'yana, na ga an bar jaki ana dukan taiki. Shekara 35 na yi da alli a hannu kafin in yi ritaya, bari in faɗa muku abin da na sani. Shi wannan C.A. da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ya zo, aka ƙarfafa shi da tsarin 6-3-3-4. Abin da aka nufa da shi, kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawar rana ɗaya. A duba abin da ya sani, a duba halinsa, a duba abin da hannunsa ya iya. Mu ne malamai muka mai da shi tes ɗaya, tes biyu, don ya fi sauƙin dubawa. Saboda haka Rabi ba ta fita daga ƙa'ida ba. Inda nake da gyara wuri ɗaya ne. Aikin mutum biyar, sau da yawa mutum biyu ne suke yi, uku suna cin gyaɗa a gindin bishiya. Maki 2 na bayani da baki ya yi kaɗan. Ki ɗaga shi zuwa 4, ki tsayar da kowane yaro shi kaɗai ki tambaye shi: me ya sa aka ce ruwa, ba a ce ƙasa ba? Wanda ya yi aikin zai amsa. Sannan ki ajiye kwalayen da takardar rabon makin, ki ɗauka ki kai ofis a gani da ido.

Malama Rabi: Allah ya ƙara girma Baba. Kun faɗi gaskiya, akwai rukuni biyu da na yi zargin haka.

Malam Isyaku: Allah ya gafarta Malam, da girmanku, amma zamaninku aji nawa ne? Ita da bakinta ta ce 85. Ko minti biyu-biyu ta ba kowa, minti 170 ke nan, fiye da darasi huɗu na minti 40. Yaushe za a gama silabas? Kuma WAEC da NECO ba sa duba kwali. Harshe, adabi, al'ada, duk a rubuce ake amsawa. Yaron da ya ci 9 da muryar kakarsa, ranar jarrabawa kakar ce za ta shiga zauren ta yi masa daka?

Malama Binta: Ka ga irinta ko? Kai da kake kare shi daga kalmar jaki, yanzu kai ne kake yi masa ba'a har da kakarsa.

Malam Isyaku: Ni gaskiya nake faɗa. Ga kuma maganar waya. Ɗan mai hali ya zo da bidiyo har da kiɗa a ƙasa, ɗan talaka ya zo da kwalin indomi ya juya bayansa. Ido zai bi wanne?

Malama Rabi: Yarinyar da ta fi kowa maki a bayan tsohuwar kalanda ta yi zanenta.

Malama Asabe: Malam Isyaku ai a makarantar kuɗi yake koyarwa, aji mutum 20 da fanka. Me ya sani game da ɗan talaka?

Malam Isyaku: Fankar da albashinta bai kai rabin naku ba? Mu in malami ya makara a yanke masa kuɗi. Ku na gwamnati wani sai ƙarshen wata ake ganin ƙeyarsa.

Malama Asabe: Ka janye wannan maganar. Ƙarfe bakwai da rabi nake shiga makaranta, Allah ne shaidata.

Malam Isyaku: Na ce wani, ban ce ke ba. In kin tsargu kuma, ruwanki.

Malam Laminu: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a nan bisa 20 muke ba da maki. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025 muke ta neman dabarun koyar da ita, shi ya sa na so Malama ta turo hoton zanen mu gani. Amma maganar jam'i, mu ma jakkai muke cewa.

Malam Shehu: Allah shi yi maka albarka! Malam Nura, ka ji ƙasa guda ta ba da shaida.

Malam Nura: Mutum ɗaya ne ya ba da shaida. A kawo ƙamus.

Malam Shehu: Ƙamus ɗin da anka buga ina?

Malam Garba (shugaban zaure): Jama'a dare ya yi, zan rufe wannan batu. Abin da na fahimta, mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa kalmar da Malama Rabi ta yi amfani da ita ba ta dace da bakin malami ba, kuma muna fata za ta kiyaye. Ta fuskar nahawu kuwa jakuna daidai ne, kamar yadda Malam Nura ya tabbatar, sauran kuma karin harshe ne da muke girmamawa amma ba na jarrabawa ba. Game da aikin kwali, shi ma Baba Malam ya nuna yana da rauni, kuma hujjar Malam Isyaku ta WAEC da yawan ɗalibai babu wanda ya iya tunkuɗe ta. Ni ma shekara 12 ina duba takardun jarrabawa, ban taɓa ganin an ba zane maki ba. Shawara ita ce Malama ta bi umarnin shugabanninta ta yi tes, kwalin kuma a liƙa a bangon aji don ado.

Malama Binta: Wane mafi yawa, ranka ya daɗe? Mutum ɗaya ne ya ce zagi ne. Kuma Baba cewa ya yi ba ta fita daga ƙa'ida ba, saƙon yana nan sama.

Malam Shehu: Shugaba Bakano, hukunci Kananci.

Malama Rabi: Malam Laminu, zan turo maka hotunan da safe in an kawo wuta, wayata saura kaɗan ta mutu. Baba, gobe zan ɗauki kwalayen da takardar makin in koma ofis kamar yadda kuka ce. Shi yaron nan tun Litinin yake tare ni a bakin ƙofa yana tambaya ko 9 ɗinsa ta shiga rifot, wai kakarsa ce take son gani.