Furannin dajin tsauni masu kama da juna: yaya kuke bambance su?

Ɗalibar Tsirrai: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa shiga dazuzzukan tsauni lokacin da furanni ke buɗewa. A tsaunukan Alps na Turai, ƙarƙashin itatuwa masu ganyen allura, na ga wasu ƙananan tsirrai masu siririn ganye biyu-biyu, furanninsu rawaya duk sun juya gefe guda. Na san Melampyrum ne, amma iri biyu ke zama a irin wannan wuri, pratense da sylvaticum. A hoto bambancin a fili yake, a daji kuwa sai ido ya rikice. Don Allah kowa ya faɗa mana abin da shi da kansa yake dubawa.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Ni launi nake bi. Sylvaticum rawayarsa ta nuna sosai, kamar gwaiduwar ƙwai. Pratense kuwa fari-fari ne, bakinsa kaɗai ke da rawaya.

Tsohon Malami: Malam Mai Kyamara, a yawancin wurare maganarka haka take, amma launi kaɗai ba ya raba gardama. A tsaunukan Sikotilan na tarar da pratense mai rawaya cikakkiya tun daga gindin furen har bakinsa, kuma shi ne ke sa mutane su yi murnar sun ga sylvaticum, wanda a can ba a cika samunsa ba. Abin da nake yi shi ne in durƙusa in kalli furen daga gefe. Leɓen ƙasa na pratense miƙe yake, a kan layi ɗaya da bututun furen, bakin kuma kusan a rufe. Na sylvaticum ya lanƙwaso ƙasa, baki a wangale. Sannan tsayi: furen sylvaticum ba ya cika wuce milimita 10, na pratense kan kai 12 zuwa 18. Sai haƙoran ƙoƙon da ke riƙe da furen. A sylvaticum sun baje, tsayinsu ya kusa na bututun, a pratense sun kwanta a jikinsa. 'Yata, idan waɗannan ukun suka yi daidai, kin gama.

Ɗalibar Tsirrai: Na gode Baba. To idan furen ya riga ya zube fa? Da na koma ƙarshen Agusta, kwanso kawai na samu.

Tsohon Malami: Ki buɗe kwanson. Sylvaticum yawanci ƙwaya biyu, pratense huɗu. Amma ki hanzarta, domin tururuwa ba sa barin ƙwayoyin nan. Akwai wani ɗan farin abu mai maiƙo a jikinsu da suke ci, sai su kwashe su zuwa gidansu, ta haka tsiron ke yaɗuwa. Kuma kada ki dogara da busasshe: yana bushewa yake yin baƙi, siffar leɓen ta lalace. Ba ya kuma kamawa idan an cire shi an dasa, saboda saiwarsa maƙale take a saiwar wasu tsirrai tana shan ruwa daga gare su, kuma shekara ɗaya ce rayuwarsa gaba ɗaya.

Uwar Biyu: Ni tawa matsalar da Impatiens ce, masu kwanson da ke fashewa da an taɓa shi. A bakin rafi cikin daji iri biyu masu rawaya na fitowa gab da juna. Idan suna da fure ba wuya. Noli-tangere furensa babba ne, kusan santimita 3, yana reto a ƙarƙashin ganye, da ɗige-ɗigen ja a ciki, ƙahonsa na baya a lanƙwashe. Parviflora furensa ɗan mitsitsi ne, wajen santimita 1, rawaya mai haske, ya ɗago sama da ganye, ƙahon gajere a miƙe. Inda na tsaya cak shi ne wurin da inuwa ta yi yawa: noli-tangere kan yi wasu furanni ƙanana da ba sa buɗewa sam, su yi iri a rufe. Ka ga kwanso, ba ka ga fure ba. A nan ganye ya cece ni. Haƙoran gefen ganyen noli-tangere manya ne, dakusassu, ba su kai 20 a gefe ɗaya ba. Na parviflora ƙanana ne masu tsini, sun haura 20. Ƙidayar na cin lokaci, amma ba ta ba ni kunya ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda parviflora ke mamaye wuri. Asalinsa daga tsaunukan tsakiyar Asiya ne, a shekarun 1830 ya fara ficewa daga lambunan binciken tsirrai na Turai, yanzu ga shi ya cika ƙasan daji. Idan mai lura ya rubuta sunan ɗan gida, wato noli-tangere, alhali baƙon ya gani, wa zai san ɗan gidan na raguwa?

Mai Kyamara: Gaskiya ne Hajiya. Babban ɗan'uwansu glandulifera dai ba ya ɓuya: ruwan hoda, ya kan fi mutum tsayi. Daga Himalaya aka kai shi Birtaniya a 1839.

Ɗan Hanya: Ba wanda ya ambaci Galeopsis, kuma su suka fi ba ni aiki a gefen hanyoyin da ake sare itace. Irinsu biyu, tetrahit da bifida, kara ɗaya mai kusurwa huɗu, kumburi ɗaya ƙarƙashin gaɓa, gashi mai suka iri ɗaya. Sai da madubin ƙara girma. Ka duba tsakiyar leɓen ƙasa: a bifida bakinsa a tsage yake kaɗan, gefensa ya naɗe baya, duhun launin ya kusa kai ƙarshe. A tetrahit shimfiɗe yake, ba tsaga, zanen ya tsaya a tsakiya ya bar gefe ba zane. Wannan kamanni ba a banza yake ba, dangin a cakuɗe suke. Masanin Suwidin Arne Müntzing, a farkon shekarun 1930, ya haɗa wasu iri biyu na Galeopsis, speciosa da pubescens, a gwaji, ya samu tsiro mai kama da tetrahit har yana iya haihuwa da shi. Shi ya sa ba na yanke hukunci da fure ɗaya. Nakan duba tsirrai da yawa a wurin, domin akan samu na tsaka-tsaki, kuma irin waɗannan sunan dangi kawai nake rubuta musu.

Ɗalibar Tsirrai: Yaya Ɗan Hanya, idan hoto zan ɗauka don a taimaka min, ta ina zan ɗauka?

Ɗan Hanya: Na Galeopsis ta gaba, leɓe ya fito sosai. Na Melampyrum da Impatiens ta gefe, a ga leɓe da ƙaho. Ki ƙara ganye ɗaya a shimfiɗe, ki ajiye ma'auni kusa da furen, ki rubuta kwanan wata da tsayin wurin.