Don Allah a ba ni shawara, ruwan tsuntsayena yana daskarewa

Maman Hanif, Siyatil (yammacin Amurka): Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Yuni na rataya wa 'yan tsuntsayen nan hamingbad kwalbar ruwan zaƙi a baranda, waɗanda suke kama da sha-kauci na gida. Maigida ne ya sayo ta, jar roba mai ƙofa huɗu, ya ce ta fi ta maƙwabta, shi ya sa ban je tambayarsu ba. Ga shi Disamba ta shigo, ɗaya ya ƙi tafiya, kullum da asuba yana nan, ruwan kuwa ya zama ƙanƙara. Zuma nake dama musu. In sauke kwalbar ne?

Baban Khadija, Merilan (gabashin Amurka): Wa'alaikumussalam. Ki sauke, kwalbar ce ta hana shi ƙaura zuwa Meziko. Abin ma wahala ne, tururuwa da zanzaro ne ke shanye rabi.

Malam Garba, Fotlan (yammacin Amurka): A'a Alhaji, wannan naku ne na gabas mai jan maƙogwaro, kuma ko shi gajartar yini ke tayar da shi, ba kwalba ke riƙe shi ba. Na gaɓar yamma, wanda ake kira Anna, a nan yake cin sanyinsa. Hajiya kada ki sauke, amma zumar nan ki daina yau. Tana saurin tsami, fumfuna ta kama, ta kumbura masa harshe ya kasa sha. Farin sukari kofi 1, ruwa kofi 4, ban da jan sukari, ban da kala. Haɗin yakan fara daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da sifili, don haka ki shigo da kwalbar da dare, ki mayar kafin gari ya waye. Cikin dare tsuntsun yakan sanƙare don tattalin ƙarfi, da asuba ya farka da yunwa.

Maman Hanif: Malam, zuma ai waraka ce, kuma wata shida ban ga wanda ya mutu ba.

Anti Rabi, Bankuba (Kanada): 'Yar uwa, in sanyi ya tsananta ki yi sukari 1 da ruwa 3, ya fi jinkirin daskarewa. Ki sa wa kwalbar tsohuwar safa. Alhaji, tururuwa kuma ɗan kofin ruwa ake rataya a saman kwalbar, ba sa iya ƙetarewa.

Malam Garba: 1 da 4 ya isa. Wanki shi ne magana: ruwan zafi da ɗan burushi har cikin ƙofofin, bayan kwana 2 in ana zafi, kwana 4 ko 5 yanzu. Da kin ga baƙin ɗigo ko ruwan ya gurɓace, ki zubar.

Maman Hanif: Ni dai fita da duhun asuba kullum ba zai yiwu ba, ga yara. In na haɗa rabi zuma rabi sukari fa?