Tattakin zaman lafiya zuwa Hiroshima: in shiga ko in tsaya a kan karatuna?

Ɗalibin Okayama: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina karatun digiri na biyu a Okayama, kuma wata dattijuwa maƙwabciyata ta gayyace ni tattakin zaman lafiya da ake yi duk shekara a Japan tun 1958, wanda ke tashi daga Tokyo ranar 6 ga Mayu ya isa Hiroshima ranar 4 ga Agusta, ana miƙa tutoci daga gari zuwa gari. Ayarin yana ratsa yankinmu a watan Yuli, ita kuma tana son in bi su na kwana uku. Tambayoyina biyu ne: shin shigar baƙo irin wannan tattaki za ta iya shafar sabunta katin zamansa, kuma nawa zan tanada na kwana ukun da dawowa Okayama?

Malam Mai Lissafi: Wa alaikumus salam ƙanina. Daga Tokyo zuwa Hiroshima a jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen na biya kusan yen 19,000 zuwa kaɗai, saboda haka ka tanadi 40,000 kafin ka yi zancen masauki.

Ɗan Kasuwar Nagoya: Malam, wannan kuɗin masu alawus ne. Ni motar dare na hau da yen 7,000, na yi barci a kujera, na wayi gari a Hiroshima, kuma shiga gidan tarihin zaman lafiya na garin yen 200 ne kacal.

Ɗalibin Okayama: Ina godiya, amma kamar yadda na faɗa, a Okayama nake, ba a Tokyo ba.

Yaya Babba: Ƙanina, ka ajiye lissafin jirgi ka saurari wadda ta taka da ƙafarta. Na bi ayarin na kwana biyu a ƙarshen wani Yuli, ina taƙama da cewa wadda ta tashi a zafin Sakkwato ba za ta ji tsoron ranar Japan ba, ban san cewa zafinsu mai laima ne ba, gumi yana zuba amma ba ya bushewa. A rana ta biyu, bayan azahar, na faɗi a bakin titi. Motar asibiti kyauta ce, wannan gaskiya ne, sai dai na bar katin inshorar lafiyata a ɗaki, don haka maimakon kashi 30 cikin 100 aka sa na biya kuɗin asibitin gaba ɗaya, na yi makonni ina zarya kafin a mayar mini da ragowar. Na yi kwana huɗu ban je aikin wucin gadi da nake yi ba, mai wurin ya ba wani gurbina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan wata guda na ga hotona a takardar wata ƙaramar ƙungiya, da hijabina, an rubuta cewa Afirka ma ta zo, alhali ba wanda ya nemi izinina, kuma cikin masu ɗaukar hoton ba wanda ya leƙo ni a asibiti.

Ɗan Kasuwar Nagoya: Allah ya ƙara lafiya, Yaya. Amma mu da a 2015 muka ga mutum ya taka daga Legas har Abuja don murnar zaɓe, ai kwana uku a titi mai injin sayar da ruwan sanyi a kowace kwana bai kamata ya kayar da mu ba.

Yaya Babba: Wanda ya je a motar dare yana barci ba shi da bakin magana a kan tattaki.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ban taɓa zuwa Japan ba, amma na koyar da tarihi shekaru masu yawa, kuma ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Ana fara tattakin ne daga Yumenoshima da ke Tokyo, inda aka ajiye jirgin kamun kifin nan Daigo Fukuryu Maru, wanda tokar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta zuba wa ma'aikatansa 23 ranar 1 ga Maris 1954, ɗaya daga cikinsu ya rasu a watan Satumbar shekarar. A Hiroshima an ƙiyasta mutum 140,000 ne suka mutu zuwa ƙarshen 1945 sakamakon bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa, a Nagasaki kuma kusan 74,000. Waɗanda suka tsira, da ake kira hibakusha, ƙungiyarsu Nihon Hidankyo ce ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, kuma yawancinsu sun haura shekara 80. Idan maƙwabciyarka tana cikinsu ko 'yarsu ce, ɗana, gayyatarta ta fi kwana uku na ɗakin gwaji nauyi.

Malam Mai Lissafi: Baba, da girmanka, yaron nan bai nemi darasin tarihi ba, ya nemi shawarar wanda ke riƙe da katin zama. Gwamnatin Japan ba ta sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017 ba, kuma ɗaya daga cikin buƙatun masu tattakin shi ne ta sa hannu, wato akwai siyasar cikin gida a ciki. Ni dai na sabunta katina sau uku, makina da halartar aji da kuɗin da ke asusuna aka duba, amma ban taɓa riƙe tuta ba.

Yaya Babba: Ni na riƙe, kuma an sabunta mini, sai dai wannan ba ya goge abin da ya same ni.

Baba Mai Ritaya: Ai ƙasarsa ta riga ta yi masa magana, domin Najeriya ta amince da yarjejeniyar ranar 6 ga Agusta 2020. Tun a Janairun 1961 ma gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwaje-gwajen bam a Reggane da ke saharar Aljeriya, waɗanda aka fara ranar 13 ga Fabrairu 1960.

Ɗan Arlit: Tunda Baba ya kawo zancen sahara, ku bar ni in faɗi nawa. A Arlit ta Nijar aka haife ni, inda ake haƙar yuraniyom, ma'adinin da ake yin makaman nukiliya da shi, tun 1971, kuma mahaifina ya yi shekara 19 a cikin rami. Mun tashi muna ganin tsaunukan sharar ma'adinin a bayan gari, iska tana kwasowa tana zuba mana a tsakar gida, ƙarafan da aka fitar daga ma'aikata kuma ana sayar da su a kasuwa, maƙera suna yin tukwane da ƙofofi. Da tari ya kama tsohon, an ce masa taba ce, shi da bai taɓa sa ta a baki ba. Ba na raina matattun Hiroshima, Allah ya sani, amma su ana buga musu ƙararrawa duk 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe, mu kuwa ko takardar asibitin mahaifina ba a ba mu ba.

Ɗan Kasuwar Nagoya: Allah ya jiƙansa. To me ya hana ku shirya naku tattakin daga Arlit zuwa Agadez?

Ɗan Arlit: Wanda ya san lalacewar wannan hanya ba zai tambaya ba, ita da aka shimfiɗa don ɗaukar ma'adinin.

Ɗalibin Okayama: Allah ya gafarta wa mahaifinka, Yaya. Dattijuwar tana jiran amsata ranar Juma'a, kuma har yanzu ban ji kuɗin kwana ukun ba. Shin a gidajen jama'a ake kwana, ko kowa ke kama masaukinsa?

Baba Mai Ritaya: Ɗan Arlit, mahaifin naka a ramin ƙarƙashin ƙasa da aka rufe a 2021 ya yi aiki, ko a buɗaɗɗen?