Ƙafa tana da ƙarfi amma shuri ba sauri: me kuke koya wa yaranku?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Masu taikwando, karate da 'yan dambe da ke nan Legas, kowa ya kawo abin da ya ga yana aiki. Yara da yawa cinya ta cika, amma kafin ƙafa ta tashi abokin karawa ya riga ya gan ta.

Kocin Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Galibi laifin na ƙafar da ke ƙasa ne. In za ka kai shurin gefe mai zagayowa, ka juya a kan gaban tafin ƙafa har dunduniya ta kusa fuskantar abin da kake duka. In ta kafe a ƙasa, kwankwaso ba zai buɗe ba, kuma murɗawar duk a gwiwa za ta sauka. Ciwon gwiwar da yara ke kuka da shi ke nan. A raba shurin gida huɗu: ɗaga gwiwa, juya, saki, janyo. A dafa bango a yi shi a hankali, goma kowace ƙafa, zagaye uku. Janyowar ce ake raina wa, alhali wanda ya bar ƙafarsa tana lilo kama ta za a yi.

Baban Khadija: Gaskiya ne, Koci. Don ƙarfi kuwa, tsugunno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, takwas zuwa goma sha biyu, gwiwa tana bin saitin yatsu, kada ta faɗa ciki. Sai ɗaga dunduniya a bakin matakala, ashirin, saboda sharaɓa. Tsallen kwaɗo sau biyu a mako ya isa, da hutun kwana biyu tsakani, kuma ba a kan siminti ba. Mai zuwa filin wasa na Surulere ya nemi ciyawa.

Sadiya Obalende: Yayyena, ku ƙara da maganar miƙa. Zafin Legas yana ruɗin mutane: gumi ya karyo tun kafin a fara, sai a ɗauka jiki ya ɗumama. A yi tsallen igiya minti biyar, sannan a yi ta wurga ƙafa gaba da gefe, ana ƙara tsayi kaɗan-kaɗan. Miƙar da ake tsayawa cak, daƙiƙa talatin, sai bayan an gama horo. Kuma don Allah a daina danne yaro ta kafaɗa wai sai ya ware ƙafa har ƙasa. Tsokar matsematsi in ta yage, makonni take ɗauka.

Ɗan Agege: To ɗaura nauyi a idon sawu fa? Wasu na rantsuwa da shi.

Kocin Idi-Araba: Don ɗaga ƙafa a hankali, babu laifi. Amma ka saki shuri da gudu da nauyi a ƙafa, gwiwa ce za ta fizgu. Gara robar ja, wato robar motsa jiki mai miƙewa in an ja ta, ko a riƙa maka abin duka kana sakin shuri daƙiƙa goma, ka huta minti ɗaya, sau shida. Da ka ji saurin ya ragu, tsaya. Shi ya sa horon sauri yake zuwa a farko, kafin gajiya.

Baban Khadija: Masu murza kwalba a ƙwauri wai don ya yi tauri kuma su bari, jijiya kawai suke kashewa. Buhun da ake shura kuwa, mai cike da tsumma ya fi na yashi, musamman da damina, don yashi in ya sha danshi daskarewa yake a gindin buhun.